RA'AYI: Darasin Masu Wasan Buɗe Kwaɗo Ga Masu Riƙe Da Makullan Gwamnati

A biranen Jamus da Holan da Amurka akwai wasu ƙungiyoyi da 'ya'yansu ke haɗuwa da yamma bayan an tashi daga aiki, su zauna kewaye da tebur cike da kwaɗi, kowa na ƙoƙarin buɗe nasa ba tare da makulli ba. A cikinsu akwai injiniyoyi da ɗalibai da lauyoyi. Kwaɗin nasu ne, da kuɗinsu suka saya, kuma da zarar ɗaya ya buɗe sai a mayar da shi a rufe a miƙa wa na kusa. Da yawa daga cikinsu ba sa sayen kayan aikin ma, da hannunsu suke ƙerawa a gida. Tsohuwar cikin waɗannan ƙungiyoyi ita ce SSDeV, wadda aka kafa a birnin Hamburg a 1997. Daga bisani aka sami TOOOL a Holan, wadda ta yi rassa har Amurka, inda ake keɓe wa masu wannan sha'awa zaure guda a taron DEF CON da ake yi kowace shekara a Las Vegas.

Duk wanda ya ji wannan labari a karon farko, abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne makarantar koyon sata aka buɗe da sunan wasa. Zargin yana da dalili, kuma ya cancanci amsa. Sai dai idan aka bi tarihin abin a tsanake, za a ga cewa waɗannan mutane sun yi wa masu sayen kwaɗo hidimar da masu sayar da shi suka daɗe suna ƙin yi musu, wato gaya musu gaskiyar ƙarfin abin da suka saya. Babu kuma wanda ya fi buƙatar wannan gaskiya kamar ma'aikacin da aka damƙa wa makullin ɗakin fayil, ko na sito, ko na ofishin mai gidansa, domin shi ne ake fara tuhuma a ranar da wani abu ya ɓace.

Kafin a yi nisa, ya kamata a san abin da ke cikin kwaɗon. Mafi yawan kwaɗi da kubar ƙofa da ake amfani da su a yau sun samo asali ne daga ƙirar da Ba'amurken nan Linus Yale ƙarami ya yi wa rajista a 1861 da 1865. A tsakiyar kwaɗon akwai wata zuciya ta tagulla wadda makulli ke shiga ya juya. Wasu 'yan ƙusoshi, galibi biyar ko shida, sun tokare ta, kowace ƙusa an raba ta biyu, kuma akwai ɗan sifirin da ke danna ta ƙasa. Haƙoran makullin da ya dace suna ɗaga kowace ƙusa daidai gwargwado, har rabewarta ta zo kan layi ɗaya da gefen zuciyar, sai zuciyar ta sami damar juyawa. Da a ce injin da ya huda ramukan ƙusoshin ba ya kuskure ko kaɗan, da ba a iya yaudarar kwaɗon. To amma babu injin da ba ya kuskure, ko da na kaurin gashi ne. Saboda haka idan aka ɗan murɗa zuciyar, ƙusa ɗaya ce ke fara cijewa kafin sauran, kuma mai haƙuri yana iya bin su ɗaya bayan ɗaya. Gwargwadon arhar kwaɗo da sakacin ƙirarsa, gwargwadon sauƙin wannan aiki.

Kayan aikin kuwa ba su taka kara sun karya ba. Abu biyu ne: ɗan lanƙwasasshen ƙarfe na murɗa zuciyar, da siririn tsinke na ɗaga ƙusoshin. Masu ƙera nasu a gida sukan nemi ƙarfe mai sirantaka wanda ba ya lanƙwashewa ya zauna a lanƙwashe. Wasu na zare shi daga tsohon abin goge gilashin mota, wasu na amfani da karyayyen zarto. Wani ɗan littafi da ya yaɗu daga hannun ɗaliban jami'ar MIT a 1991 ya ma ba da shawarar tsintar silin tsintsiyar ƙarfe da motocin sharar titi ke zubarwa a gefen hanya. Daga nan sai magagari da samfefa da zaman awoyi ana gogewa, har ƙarfen ya yi santsi. Masu yin abin sun ce daɗinsa yana cikin wannan zama ne, kamar yadda mai sassaƙa ke jin daɗin ƙotar da ya fafe da kansa. Amma akwai wani darasi a ciki wanda ya wuce nishaɗi. Idan abin da aka tsinta a bola aka goge da magagari zai buɗe kwaɗo, to hana sayar da kayan buɗe kwaɗo ba zai tsare ƙofar kowa ba. Kwaɗon ne ya kamata a duba.

Wannan muhawara ta girmi duk wanda ke raye a yau. A 1851, lokacin babban baje kolin duniya na Landan, wani Ba'amurke mai suna Alfred Charles Hobbs ya zo tallar kwaɗin kamfanin Day and Newell na New York. A lokacin Ingila na alfahari da kwaɗi biyu da ake ganin ba mai iya buɗe su. Na farko shi ne na Chubb, wanda aka ƙera a 1818, mai wata dabara da ke sa shi cijewa gaba ɗaya idan aka taɓa shi da abin da ba makullinsa ba. Hobbs ya buɗe shi a gaban shaidu cikin minti 25. Na biyu shi ne na Joseph Bramah, wanda ya shafe gomman shekaru a tagar shagon kamfanin a titin Piccadilly, da alkawarin tukuicin gini 200, wato fam 210, ga duk wanda ya buɗe shi. Hobbs ya kwashe awa 51 a cikin kwana 16 yana fama da shi, ya buɗe, aka kuma biya shi kuɗin bayan 'yar jayayya.

Jaridun Ingila sun yi ta cece-kuce, wasu na cewa an tona asirin bankuna da gidajen attajirai ga ɓarayi. Amsar da Hobbs ya bayar ta fito a wani littafi kan ƙirar kwaɗi da aka buga a Landan a 1853, kuma ma'anarta ita ce, ɓarayi ƙwararru ne a sana'arsu, sun riga sun san abin da ake gudun koya musu, mai gida ne kaɗai aka bari cikin duhu. Abin da ya biyo baya ya gaskata shi. Kamfanonin Ingila sun koma sun gyara ƙirarsu, shi kansa Hobbs ya zauna a Landan ya kafa kamfanin kwaɗi. Shekara 30 bayan fitowar littafin, a 1883, masanin rubutun sirri Auguste Kerckhoffs ya kafa irin wannan ƙa'ida ga saƙonnin soja: tsarin tsaro nagari shi ne wanda ko abokin gaba ya san yadda yake aiki ba zai iya karya shi ba, muddin makullin bai shiga hannunsa ba. A kan wannan ƙa'ida aka gina tsaron bankuna da wayoyin hannu na yau.

Duk da haka, masana'antar kwaɗo ta daɗe tana riƙe da tsohuwar ɗabi'arta ta ɓoye aibi. A 1992 wata mujallar masu keke a Ingila ta bayyana cewa ana iya buɗe wani nau'in kwaɗo mai zagayayyen makulli da bututun biro. Ba a yi wani abin kirki a kai ba. Sai a watan Satumba na 2004, da hoton bidiyon wani yana buɗe kwaɗon keke na kamfanin Kryptonite da biron Bic ya bazu a intanet, sannan kamfanin ya amince ya canza wa masu saye kwaɗinsu kyauta, dubban ɗaruruwa. Shekara 12 ke nan mutane na ɗaure kekunansu da abin da duk mai biro da labari zai iya buɗewa. A 2005 kuma Barry Wels na ƙungiyar TOOOL da abokinsa Rop Gonggrijp suka wallafa bayani kan wata tsohuwar dabara ta buɗe kubar ƙofa da wani makulli na musamman da ake ɗan bugawa. Maƙeran kwaɗo sun san dabarar tun da daɗewa, masu gidaje ne ba su sani ba. Bayan bayanin ya fita ne masu saye a Turai suka fara tambayar ko kubar da za a sa musu tana jure wannan bugu, kamfanoni kuma suka shiga gasar ƙera wadda ke jurewa.

Misalin da ya fi kusa da rayuwar ma'aikacin ofis shi ne na Matt Blaze, masanin tsaron kwamfuta da ya yi aiki a cibiyar bincike ta kamfanin AT&T. Manyan gine-gine, kamar ma'aikatu da jami'o'i da otal-otal, sukan yi amfani da tsarin da kowace ƙofa ke da nata makulli, sannan akwai babban makulli guda da ke buɗe dukkansu. A farkon 2003 Blaze ya nuna cewa a mafi yawan irin wannan tsari, duk wanda ke da makullin ƙofa ɗaya tak, da 'yan makullan da ba a yanka ba, da magagari, yana iya gano siffar babban makullin ba tare da ya kwance komai ba. Ma'ana, mai ƙaramin ofis a hawa na ƙasa yana iya ƙera wa kansa makullin ofishin shugaba. Maƙeran kwaɗo da dama sun yi masa ca, kuma babbar hujjarsu ita ce sun san wannan aibi tun kaka da kakanni, bai kamata a faɗa ba. Ba su lura cewa wannan hujja ita ce ta fi kama su ba. Sun sani, sun ci gaba da sayarwa, ba su gaya wa mai saye ba.

A nan ne maganar ta shafi masu riƙe da makullan gwamnati kai tsaye. Ɓarawon da ya zo da guduma ko zarto yakan bar shaida. Da safe kowa zai ga karyayyen kwaɗo, a san daga waje aka shigo. Amma idan fayil ya ɓace daga kabad, ko kaya suka ragu a sito, aka tarar da kwaɗo a rufe lafiya lau, tunanin kowa yakan tafi wuri ɗaya: mai makulli ne. Akawun rajista, ko masinja, ko maigadi, ko hadimin da ke buɗe wa mai gida ofis da sassafe, shi za a miƙa wa takardar tuhuma, a dakatar da shi, wataƙila ma a miƙa shi ga 'yan sanda. Dukkan hukuncin ya dogara ne a kan zato guda, cewa kwaɗon ba ya buɗuwa sai da makullinsa. Masu wasan buɗe kwaɗo sun shafe shekaru suna nuna wa duniya cewa wannan zato ba daidai ba ne, musamman ga kwaɗi masu arha da suka cika kasuwa. Kwamitin ladabtarwa da bai san haka ba yana iya raba mutumin kirki da abincinsa da mutuncinsa, alhali mai laifin na zaune yana kallo. Wanda ya sani kuwa zai tambayi abubuwan da suka dace: wane irin kwaɗo ne, makullai nawa aka yanka, wa ya taɓa aron su, yaushe aka canza shi.

Akwai kuma darasi ga shugabanni game da yadda ake karɓar mai kawo labarin aibi. Masanin kimiyya Richard Feynman, wanda ya ci lambar Nobel a 1965, yana cikin waɗanda suka yi aikin ƙera bam ɗin nukiliya na farko a Los Alamos lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A lokacin hutunsa ya mayar da buɗe akwatunan ƙarfe masu lambobi abin wasa, waɗanda a cikinsu ake ajiye sirrin aikin. A yadda ya ba da labari daga baya, ya gano cewa idan aka bar durowa a buɗe ana iya karanto wasu daga cikin lambobin, ya kuma bayyana wa wani kanar a cibiyar Oak Ridge wannan rauni, da shawarar a riƙa rufe akwatunan ko da ana cikin aiki. Abin da kanar ɗin ya yi shi ne aika sanarwa cewa duk wanda Feynman ya shiga ofishinsa ya canza lambobinsa. An mayar da mai faɗar aibin shi ne matsalar, aibin kuma ya ci gaba da zama inda yake. Feynman ya kuma ce da ya zagaya ofisoshi yana gwada lambobin da akwatunan ke zuwa da su daga masana'anta, kusan ɗaya cikin biyar ya buɗe, domin masu su ba su taɓa canzawa ba.

Duk wanda ya yi aikin ofis ya san irin wannan kanar. Ƙaramin ma'aikaci ya lura cewa makullin ɗakinsa na buɗe ɗakin maƙwabcinsa, ko kwaɗon sito na buɗuwa idan aka ja shi da ƙarfi, amma ya ja bakinsa ya yi shiru, domin ya san tambayar farko da za a yi masa ita ce, garin yaya ya sani. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ofishin da ke hukunta mai cewa a gyara ya zaɓi ya ji labarin aibinsa daga bakin ɓarawo.

Adalci ne a faɗi cewa masu adawa da yaɗa wannan ilimi su ma suna da misalansu, kuma masu nauyi ne. A watan Yuli na 2012, a taron Black Hat na Las Vegas, wani matashi mai suna Cody Brocious ya nuna yadda wata 'yar na'ura da ba ta kai dala 50 ba ke buɗe kubar lantarki ta kamfanin Onity, wadda ke jikin ƙofofin miliyoyin ɗakunan otal a duniya. Watanni kaɗan bayan haka aka yi amfani da dabarar aka yi wa baƙi sata a wani otal a birnin Houston. Haka nan daga 2021, hotunan bidiyo da suka yaɗu a TikTok sun koya wa matasa a Amurka yadda ake tayar da wasu motocin Kia da Hyundai da ba a sa musu na'urar hana tashi ba, satar motocin ta yi tashin gwauron zabi a birane irin su Milwaukee. Waɗanda aka yi wa waɗannan sace-sace ba su amfana da komai ba a ranar. Gaskiya ne kamfanonin ne suka ƙera abin da rauninsa, kuma ba su tashi gyara ba sai da aka matsa musu. Amma gaskiya ne kuma cewa yadda aka fitar da labarin ya jawo wa marasa laifi asara.

Abin da waɗannan misalai ke koyarwa shi ne a bi tsari wajen bayyana aibi. Masu tsaron kwamfuta sun riga sun kafa al'ada a kan haka: a fara sanar da mai ƙira a asirce, a ba shi wa'adi, idan ya ƙi gyarawa sannan a sanar da jama'a. Rukunin masu bincike na kamfanin Google da ake kira Project Zero, alal misali, wa'adin kwana 90 yake bayarwa. Ƙungiyoyin wasan buɗe kwaɗo su ma suna da dokoki biyu da suke fara koya wa kowane sabon shiga. Ta farko, kada ya taɓa kwaɗon da ba nasa ba sai da izinin mai shi a fili. Ta biyu, kada ya yi wasa da kwaɗon da ake dogaro da shi, ko da nasa ne, domin tsinke na iya lalata shi ya bar mutum a waje ko ya bar ƙofa ba tsaro. Wanda ya karya dokar farko ya fita daga wasa ya shiga laifi, kuma ƙungiyoyin ba sa ɓoye masa hakan.

Dokokin ƙasashe ma sun kasu a kan batun. Japan, bayan ta sha fama da sace-sacen gidaje ta hanyar buɗe kuba, ta kafa doka a 2003 da ta haramta mallakar irin waɗannan kayan aiki ba tare da halattaccen dalili ba. A Ingila, sashe na 25 na dokar sata ta 1968 ya hukunta wanda aka samu a wajen gidansa ɗauke da kayan da ya tanada domin fasa gida ko sata, wato niyya ake dubawa. Mafi yawan jihohin Amurka ma haka suke, ko da yake a wasu, kamar Ohio da Nevada, samun kayan a hannun mutum kaɗai na iya zama hujjar farko a kansa. A Najeriya, sashe na 417 na kundin dokokin laifuka da jihohin Kudu suka gada ya ɗauki samun mutum da kayan fasa gida da dare ba tare da uzuri na halal ba a matsayin laifi, kuma a kansa nauyin kawo uzurin yake, da rana kuwa sai an tabbatar da niyyar aikata laifi. Saboda haka duk wanda sha'awar abin ta kama shi ya sani cewa wurin tsinkensa shi ne teburinsa na gida, tare da kwaɗon da ya saya. Ma'aikacin da ya gwada gwanintarsa a kan kabad ɗin ofis ba tare da rubutaccen izini ba ya jefa kansa cikin abin da kyakkyawar niyya ba za ta fitar da shi ba.

Ba a buƙatar ma'aikaci ya koyi buɗe kwaɗo kafin ya amfana da abin da masu buɗewar suka gano. Abu na farko ya shafi masu sayo kaya. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta tanadi a bayyana siffar abin da ake so kafin a ba da kwangila, amma idan aka rubuta kwaɗo mai kyau kawai, an bar wa ɗan kwangila ya kawo duk abin da ya ga dama. Akwai ma'aunai da aka sani. Ma'aunin Turai na EN 12320 ya kasa kwaɗi mataki shida gwargwadon jurewarsu, a Holan kuma hukumar SKG na ba kuba tauraro ɗaya zuwa uku bayan an gwada ta da kayan fasa gida. Nauyin kwaɗo a hannu da ƙyallinsa ba sa nuna komai game da abin da ke cikinsa. Ɗakin da ke ɗauke da takardun filaye, ko na fansho, ko na jarrabawar ƙarin girma, ya cancanci kwaɗon da wani ya gwada ya ba da shaida a kansa.

Abu na biyu ya shafi makullin kansa. Siffar haƙoransa ita ce sirrin gaba ɗaya, kuma ido na iya ɗauka. A ƙarshen 2014 jaridar Washington Post ta buga hoton manyan makullan da hukumar tsaron sufuri ta Amurka, TSA, ke buɗe akwatunan matafiya da su. A watan Satumba na 2015 wasu suka yi amfani da hotunan makullan suka fitar da zanensu a intanet, masu injin ƙera abubuwa da roba suka riƙa buga nasu, suna buɗe kwaɗin. Ba wanda ya saci makulli ko ɗaya. Wannan ya isa gargaɗi ga hadimin da ke barin tarin makullai a kan tebur yayin da baƙi ke jira da waya a hannu, ko mai ɗaukar hoton bikin miƙa makullan sabon gini ya ɗora a Facebook. Haka nan makullin da aka ba wani aro na rabin sa'a ya isa a kai shi wurin mai yankan makulli a dawo da shi.

Abu na uku shi ne lissafi. Kowane ofis na buƙatar littafin da ke nuna makullai nawa ke akwai, a hannun wa, da ranar karɓa da ta mayarwa. Idan aka yi wa ma'aikaci canjin wuri ko ya yi ritaya, ko makulli ya ɓace ko da an tsince shi daga baya, a canza kwaɗon. Akwatin ƙarfe mai lambobi a canza masa lambobin masana'anta a ranar da aka kawo shi. Ɗakunan da suka fi muhimmanci a cire su daga tsarin babban makulli. Wannan littafi kariya ce ga ofis, kuma shi ne shaidar da mai riƙe da makulli zai kare kansa da ita ranar da aka tuhume shi.

Ya kamata kuma a tuna cewa kwaɗo mafi ƙarfi ba ya maganin na ciki. Sarkin Faransa Luwi na 16 mutum ne mai sha'awar ƙira da kwance kwaɗi, har yana da maƙera tasa a fadar Basai, inda wani maƙeri mai suna François Gamain ke koya masa. Da juyin juya hali ya rutsa da shi, sai ya sa aka gina masa ɓoyayyen kabad na ƙarfe a cikin bangon fadar Tuileries, ya zuba wasiƙunsa na sirri. A watan Nuwamba na 1792 Gamain da kansa ya nuna wa sabuwar gwamnati inda kabad ɗin yake. Takardun sun zama hujja a shari'ar sarkin, aka kashe shi a watan Janairu na 1793. Kwaɗo lokaci kawai yake saya wa mai shi, sauran tsaron yana wuyan mutanen da aka amince wa da kuma tsarin da ke lura da su.

Masu goge ƙarfe da magagari a ɗakunansu na Hamburg da Amsterdam ba su san da zaman akawun rajista a Abuja ba, amma abin da suka tabbatar yana iya zama abin da zai tsaya masa a gaban kwamiti. Abin da ya rage shi ne shugabannin sassa su karɓi wannan sani da hannu biyu. Babban sakatare ko darakta da ya tara ma'aikatansa ya gaya musu cewa duk wanda ya ga rauni a ƙofa ko kabad ya rubuto, kuma ba za a tuhume shi a kan ya gani ba, zai ji abubuwan da ba ya cikin kowane rahoto. Sauya kwaɗi goma ba zai kai kuɗin fayil ɗaya da ya ɓace ba, balle aikin mutum ɗaya da aka kora bisa kuskure.